Kafin ka sayi na'urar tsotse danshi don motarka, nemo ta inda ruwan ke shigowa

A watan Agustan bara na bar jakar kwamfutata a cikin but ɗin motar yayana a Unguwar Dosa, na tafi biki na kwana biyar. Motar tsohuwar 'yar Kwatano ce, kuma a cikinta nake yin rabin aikina na rubuta manhaja idan an ɗauke wuta, saboda akwai ƙaramar inbata da muka haɗa mata. Da na dawo na buɗe jakar, sai wari ya buge ni. Fumfuna ta rufe madaurin jakar, bakin cajar ya yi kore, maɓallai uku na kwamfutar sun daina aiki. Aikin wani kwastoma na cikinta, saura mako guda in miƙa.

A daren na shiga YouTube neman mafita. Kusan duk bidiyon da na tarar na Amurkawa ne masu motocin nan da ake kwana a ciki, masu gado da kicin, waɗanda suke kira RV. Shawararsu ɗaya ce: sayi na'urar tsotse danshi. Na kusa yin oda. Yanzu da na zauna na yi lissafi, ra'ayina shi ne ga yawancinmu a Kaduna wannan na'ura ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mu saya, kuma da dama daga cikinmu ba ma buƙatarta kwata-kwata.

Bari mu fara da ruwan da ke cikin iska. Idan zafi ya kai digiri 30, iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare ba ta iya riƙe tururin da ya wuce giram 30. Idan danshi ya kai kashi 80, kamar yadda muke gani a tsakiyar damina, giram 24 ke nan. Kana so ka sauke shi zuwa kashi 50, wato giram 15. Cikin ƙaramar mota bai wuce irin wannan akwati uku zuwa huɗu ba, don haka duk ruwan da za ka cire daga iskar bai kai giram 40 ba. Ledar fiya wata ɗaya giram 500 ce. To me ya sa motar ke wari har wata biyu? Saboda ruwan yana ƙarƙashin kafet da cikin soson kujera, kuma can yana iya kai leda biyar ko fiye. Kana busar da iskar, kafet na sake jiƙa ta.

A motarmu, robar bakin but ce ta tsage, ruwan sama na bi yana taruwa a ramin safaya taya. Wani bakanike a Kawo ya gano haka cikin minti goma da bokitin ruwa: shi yana kwarawa a waje, ni ina ciki da tocila. Sauran wuraren da ruwa ke bi sanannu ne. Akwai bututun da ke zubar da ruwan esi a ƙarƙashin mota, wanda idan ya toshe yake juye ruwan a ƙafar mai zama gaba. Akwai magudanar rufin gilashi ga motocin da ke da shi, da ramin ƙarƙashin waifa da ganye ke toshewa. Babu na'urar da za ta yi tsere da ruwan Agusta matuƙar ƙofar shigarsa na buɗe.

Sai batun wuta, wanda bidiyoyin can ba sa taɓowa. Mai RV a Amurka yakan ajiye motarsa a sansanin da ke da soket, wuta ba ta yankewa. Babbar na'ura mai kwamfiresa tana iya cire lita 10 ko fiye a yini, amma tana jan wajen wat 200 zuwa sama, kuma sai ta daɗe tana aiki. Ƙananan da ake tallatawa a intanet, masu aiki da farantin Peltier, suna jan wat 20 da 'yan kai, masu ƙera su kuma kan rubuta mililita 250 zuwa 300 a yini. Yi lissafi: wat 23 sau awa 24 ya haura 550. Batirin mota mai bolt 12 da amf 60 gaba ɗayansa 720 ne a takarda. Ke nan za ka kusan kashe batirinka domin ka tara rabin ledar fiya wata, da safe kuma ka nemi masu turi.

Alhali motar da kanta tana da na'urar tsotse danshi. Esi ɗin mota aikinsa ke nan: yana sanyaya iska, tururin ya zama ruwa, ya ɗiga ƙasa. Kunna shi na minti 20 kana tafiya, da maɓallin juya iskar ciki, ya fi ƙaramar na'urar can aiki. Idan rana ta fito, ka ɗaga kafet, ka buɗe ƙofofi, ka bar rana ta yi nata.

Ina masu tsotse danshi marasa wuta? Iri biyu ne a kasuwa. Na cikin roba mai farin gishiri, kalsiyom kulorayid ne. Yana sha fiye da nauyinsa, amma yana narkewa ya zama ruwan gishiri mai cin ƙarfe. A durowar kaya ya dace. A motar da ke faɗawa ramuka daga Badarawa zuwa Malali, ranar da ya kife ka sayi tsatsa da kuɗinka. Na biyu shi ne silika jel, 'yan ƙwayoyin nan da muke tararwa a kwalin sabon takalmi mu zubar. Yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, ba ya narkewa, kuma idan ya ƙoshi ana gasa shi a oba a wajen digiri 120 ya koma sabo. Mai launin lemo yakan koma kore idan ya cika, sai ka san lokaci ya yi. A dai ɓoye shi daga yara.

A nan ne dabarar take. Silika jel ba zai busar da mota ba, domin mota ba a rufe take ruf ba, iska na shiga ta ko'ina. Amma zai busar da robar abinci mai murfi mai kama baki. Abin da nake tsoron ya lalace bai wuce kwamfuta, hadis, caja da kyamara ba. Na sayi babbar roba a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, na zuba silika a tsohuwar safa, na jefa ƙaramin ma'aunin danshi. Daga baya na haɗa na'urar DHT22 da ESP32 tana turo mini lambar a waya, amma wannan son wasa ne irin namu, ma'auni mai batirin agogo ya wadatar. Abin da kake nema shi ne lambar ta tsaya ƙasa da 60, domin daga nan zuwa sama ne fumfuna ke samun gindin zama. Kuma a daina binne waya a shinkafa. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone su bar wannan al'ada.

Akwai wanda babbar na'urar ta dace da shi, ban musa ba. Mai shagon gyaran waya, mai sutudiyo da ruwan tabarau na kyamara masu tsada, ko mai ɗakin sabar da ke da sola tsayayya, lissafinsu daban ne, saboda ɗaki ne mai rufuwa kuma dukiyar ciki ta fi kuɗin wutar. Su ma su tuna cewa daga Nuwamba zuwa Maris na'urar hutu za ta yi. Hunturu na busar da iskar Kaduna har leɓe na tsagewa, a lokacin ƙura ce abokiyar gaba.

Kwamfutata ta tashi bayan an canja mata allon maɓallai, na miƙa aikin a makare da kwana huɗu tare da ban haƙuri. Damina na ƙaratowa. Kafin ruwan Yuni ya kankama, ka ɗaga kafet ɗin motarka ka taɓa da hannu, ka leƙa ramin safaya taya. Idan ka ji laima, bakanike za ka fara nema.