An rufe gidajen mari, ina za mu kai 'ya'yanmu?

Jama'a, tun Satumbar 2019 da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, nake goyon bayan rufe irinsu. Sasari ba magani ba ne.

Amma fa uban da ɗansa ya faɗa shan Tramol a Taura, ina zai kai shi? Asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure? Tsoron a ce ɗansa ya haukace zai sa ya kulle shi a ɗaki.

Roƙona ga gwamnatin Jigawa: a ware sashen masu shaye-shaye a manyan asibitocinmu, da likita, da malami, da koyon sana'a. In ba haka ba, wallahi marin zai dawo a ɓoye.

Allah Ya shirya mana zuri'a.