A Daina Jingina Wa Ƙaddara Sakacin Matuƙa Da Manyanmu

Jama'a, yau dai sai na faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Kwanakin baya a wajen wani taron siyasa, da idona na ga jirgi mai saukar ungulu yana shawagi ƙasa-ƙasa a kan mutane, ƙura ta turnuƙe, rumfuna suna tashi, yara suna bin sa da gudu ana shewa. Ni kuwa wallahi gabana faɗuwa yake yi. Wai duk don mai gida ya ɗaga wa jama'a hannu!

Abin da mutane ba su gane ba, tazarar da ke tsakanin jirgi da ƙasa ita ce jarin matuƙi. In inji ya mutu a can sama, yana da lokacin neman fili ya sauka. In kuwa a saman itatuwa yake, kafin ya yi tunani an gama. Ga wayoyin lantarki da ido ba ya gani sai an zo kansu, ga turakun kamfanonin waya, ga shaho da ungulu, ga hazonmu na hunturu. Shi ya sa ƙa'idar duniya ta ce kada a yi ƙasa da ƙafa 1,000 a kan gari ko taron jama'a, a daji kuma ƙafa 500, in ba tashi ko sauka za a yi ba.

Kuma mun ga aya, ba sau ɗaya ba. A watan Oktoba na 2012, gwamnan Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, ya faɗi da ƙaramin jirgin Cessna kusa da Yola, shi ke tuƙi. Masu bincike sun ce ba shi da takardar cancantar tuƙa irin wannan jirgi, kuma ya ci gaba da tafiya da ido bayan rana ta faɗi. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2017. A Amurka ma haka: Kobe Bryant a 2020, mutum tara, matuƙi ya shiga gajimare a tsakanin tsaunuka ya kasa bambance sama da ƙasa. Herbert Wigwe a 2024, mutum shida, cikin dare da mummunan yanayi, kusan labari ɗaya.

Na san wani zai rubuto mini cewa, "Malam, ai kwana ne ya ƙare." Na yarda, babu mai wuce ranarsa. Amma ai an ce mu ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Turawan da abin ya faɗa wa sai da suka bi diddigi suka fitar da dalili, mu kuma sai mu yi ta'aziyya mu naɗe tabarma.

Kai mai gida, in matuƙi ya ce yau ba a tashi, ka haƙura ka hau mota. Taro ba ya ƙarewa. Kai matuƙi, gara a kore ka daga aiki da a kwashe ka a buhu. Hukuma kuma ta fara ƙwace lasisin duk wanda ya yi burga a kan jama'a, ko wa ya ɗauko. Talakan da ke tsaye a filin nan bai sayi tikiti ba, amma a kansa za a faɗo.

Allah Ya kiyaye mu. Wanda bai yarda ba, ga fili nan, ya kawo hujjarsa.