Shatar Mota da Tsallaka Iyaka: In An Kaɗe Mutum, Wa Zai Biya?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama ƙasar da ba ta san hutun rani ba. Ruwa na bin magudanai har Kadawa, ana noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa, kuma abin da aka noma tilas mota ta ɗauke shi. Duk wanda ya bi ta Kwanar Gafan a lokacin kakar tumatir ya ga yadda ake cinikin shata: a yi jayayya a kan kuɗin mai, a yi a kan yawan kwanduna, a yi a kan rabon ɗan kamasho. Abu guda ne ba a cika tambayarsa ba, watau takardar inshora. A ganina ita ya kamata a fara tambaya, musamman idan tafiyar za ta tsallaka iyaka.

Da yawa daga cikinmu, har da masu karatun jami'a, mun ɗauka takardar nan ta ɗan sanda ce kawai, a miƙa masa a shingen hanya ya duba a wuce. Ba haka ba ne. Sunanta inshorar mutum na uku. Mutum na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne bawan Allahn da bai san hawa ba bai san sauka ba, yana tafe a kan babur ɗinsa ko yana zaune a rumfarsa, mota ta kwace ta afka masa. Haƙƙinsa takardar take ɗauka. Ba ta gyara motar da ta yi ɓarnar, ba ta kuma biyan kwando ɗari biyu na tumatir da suka tarwatse a kan kwalta. Wannan sai da wata inshora dabam ta kayan da ke kan hanya. Manomin da ya zaci takardar direba ta tsare masa amfanin gonarsa ya yi zaton banza.

Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1945, zamanin Turawa, aka kafa ta, sa'an nan dokar gyaran harkar inshora ta 2025 ta maye gurbinta. A farkon Janairun 2023 hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin ƙaramar mota daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da za a biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babbar motar dakon kaya aka yanka mata naira 100,000, iyakar biyanta miliyan 5. Mai karatu ya auna miliyan 3 da kuɗin mota a kasuwa. Abin da ya haura iyakar nan yana wuyan wanda ya yi ɓarnar.

To, ga inda shata ta bambanta da haya. Idan ka ɗauki mota da direbanta, alhakin tuƙi yana kansa da kan ubangidansa. Idan kuwa makulli aka miƙa maka, kai ne a bayan sitiyari, kai za a tsare. A nan ne tilas mutum ya karanta takardar da idonsa: shin ta yarda wani ya tuƙa ban da mai motar? Shin an yi ta ne domin motar gida, alhali kuwa ana haya da ita? Kamfani yana iya kafa hujja da wannan ranar da aka je neman biya. Ga kuma takardun jabu da 'yan-cuku-cuku ke sayarwa a bakin ofisoshin lasin, masu hatimi da sa hannu, ba kamfanin da ya san da zamansu. Akwai rumbun bayanai na NIID da ake sa lambar mota a waya a ga ko inshorarta ta gaskiya ce. Aikin minti biyu ne.

Mu mutanen Kano ba ma ɗaukar Maraɗi ko Damagaram a matsayin ƙasar waje. Harshe ɗaya, dangi ɗaya. A bi ta Jibiya a faɗa Ɗan Isa, ko a bi ta Daura da Kongolam, a yi biki a dawo. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai ma sukan yi shatar bas su tafi yawon buɗe ido. Amma doka ba ta san zumunci ba. Da zarar taya ta taka wancan gefen, jandarma ne mai magana, da Faransanci ake rubuta rahoto, kuma dokar inshorar da ke aiki ita ce ta CIMA, wadda ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci suka haɗu a kanta a 1992. Saboda irin wannan ne shugabannin ECOWAS suka sa hannu a Kwatano a watan Mayun 1982 kan kati mai ruwan ƙasa, bisa koyi da koren katin ƙasashen Turai, domin ofishin ƙasar da hatsari ya auku ya biya wanda aka yi wa ɓarna, daga baya ya nemi kuɗinsa daga kamfanin ƙasar mai mota. Tsarin kuɗin 2023 ya haɗa da katin. Sai dai Nijar ta fice daga ECOWAS a 29 ga Janairun 2025, tare da Mali da Burkina Faso. Wanda zai tsallaka kada ya dogara da maganar tasha. Ya sa kamfanin ya rubuta masa ƙasashen da takardarsa ke aiki a cikinsu, in babu Nijar ya sayi inshorar can kafin ya nutsa.

'Yan'uwanmu da ke zuwa ƙarin ilmi Ingila ko Amurka suna gamuwa da tarko mai kama da wannan. A teburin hayar mota akan sayar musu da yarjejeniyar yafe kuɗin gyaran motar in ta bugu, su tafi da murna suna zaton sun tsira, alhali ita motar kamfanin kaɗai ta tsare. A Amurka kowace jiha da nata ƙaramin ma'aunin da doka ta wajabta, kuma kuɗin asibiti na kwana kaɗan yana iya cinye shi.

Na san za a ce inshora caca ce, malamai sun yi magana. Wannan hujja ce mai nauyi, ba ta abin raini ba. Amma shari'ar da muke taƙama da ita ita ce ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan aƙila, watau dangin wanda ya yi, domin kada jinin mutum ya tafi a banza, kada kuma mutum ɗaya ya durƙushe. Yau dangin direban a-kori-kura ba su da ƙarfin ɗaukar wannan. Ga kuma kamfanonin takaful, irin su Jaiz da Noor, da aka ba lasisi a 2016, waɗanda aka gina bisa taimakekeniya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da waccan ba, ga wannan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne al'adarmu ta "an yafe". Mota ta karya magidanci a bakin hanyar Zariya, dattawa su taru, a kawo ɗan abin da bai kai kuɗin ɗori ba, a ce ƙaddara ce. Kamfanin da ya karɓi kuɗi ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, don ba wanda ya san akwai haƙƙi a can. Matarsa da 'ya'yansa su ne suka yafe wa kamfani ba da saninsu ba.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin ɗaliban Kura da Bunkure da Garun Malam, a hutun da ke tafe su zauna da shugabannin direbobi da na 'yan gwari, su fassara musu takardar nan layi-layi da Hausa, su nuna musu yadda ake duba lamba a waya, da irin rahoton 'yan sanda da takardun asibiti da ake haɗawa in za a nemi biya. Majalisar ɗalibai kuma ta kafa ƙa'ida cewa ma'ajinta ba zai fitar da kuɗin shatar kowace bas ba sai an ajiye kofen inshorarta a ofis.