Kalmomin Adana Cimaka: Aikin da ke Jiran Manazarta Hausa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa noma bai kammala ba sai an san yadda za a ajiye abin da aka girbe. Rumbun da ake ɗorawa a kan duwatsu, da barin gero a zangarniyarsa, da cakuɗa wake da toka, da rataye irin masara a saman murhu, duk dabaru ne na kare cimaka daga laima da ƙwari. Abin da ya rage shi ne a tambaya ko harshenmu yana tafiya da sauyin da wannan fage ya samu. A ganina bai tafi ba, kuma manazarta Hausa suna da hannu a wannan giɓi.

A yau garin kuka da kuɓewa da yaji da daddawa sun bar tukunya da ƙwarya sun koma leda. Citta da kanumfari da masoro da kimba suna riƙe ƙamshinsu ne a cikin wani mai da ke tashi a iska, kuma zafi da haske suna gaggauta tashinsa. Shi ya sa wanda ba a daka ba yake daɗewa fiye da garinsa. Ledar da ta yini a rana tana rage wa yaji ƙarfi, idan kuma an ƙulle kayan kafin su bushe sarai, danshi ya rasa mafita, sai hunhuna ta samu gurbi.

Hunhuna ta fi raguwar ƙamshi haɗari. Wani nau'inta yana fitar da gubar afalatokzin a gyaɗa da masara da busasshen barkono, gubar da ke jawo sankarar hanta, wadda dafuwar gida ba ta kawar da ita. A 2004 ta hallaka mutum 125 a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Maganin ƙwari ma yana da nasa sharrin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin da aka samu a cikinsa. Alhali akwai mafita, kamar buhun PICS mai ruɓi uku, wanda yake kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska ba tare da an zuba magani ba.

Wannan ilimi yana cikin rahotannin Turanci, mai sayar da yaji a Kasuwar Kurmi da ɗan kasuwar hatsi a Dawanau kuwa da Hausa suke ciniki. Lokacin da abinci zai rage armashi daban yake da lokacin da cinsa zai zama cutarwa, amma sau da yawa mukan haɗa su duka a ƙarƙashin “lalacewa”. Ina ba da shawarar a bambanta su da “wa'adin inganci” da “wa'adin aminci”, ko wasu kalmomi da masana za su daidaita a kansu, sannan a nemi hukumar NAFDAC ta ƙarfafa rubuta su a jikin kaya.

Wani zai ce wannan aikin masana kimiyyar abinci ne. Gwaji da awo nasu ne, babu jayayya, amma isar da sakamakon ga mai daka da mai talla aikin harshe ne. Muna kuma da tubalin farawa. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934, Jami'ar Bayero ta buga Ƙamusun Hausa a 2006. Abin da ake buƙata yanzu shi ne a tura ɗalibai ƙauyukan Katsina da Sakkwato da Damagaram su naɗo kalmomin shanya da ajiya daga bakin tsofaffin mata da maginan rumbu, a gwama su da binciken Cibiyar Nazarin Adana Amfanin Gona da ke Ilorin, a fitar da ƙaramin ƙamus da gidajen rediyo za su iya amfani da shi.

Masu wannan sani suna tsufa, rumbun ƙasa kuma yana ba buhu da sito wuri. Sashen Hausa da ya sanya wannan batu cikin jerin kundayen digirinsa na bana zai tarar da su suna raye.