Barcin Kwamfuta da Akwatin Ajiyar Wuta: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Daga cikin matsalolin da ke ci wa masu aiki da kwamfutar tebur tuwo a ƙwarya, akwai wadda ta fi sauran ban haushi, wato kwamfuta ta ɓingire da barci ana tsakiyar aiki, allonta ya yi baƙi ƙirin, alhali kuwa an jona ta da akwatin ajiyar wuta, wanda aka fi sani da UPS, domin gudun irin wannan. Wani lokaci in an tashe ta a tarar da aiki yana nan, wani lokaci kuwa a tarar ya bi ruwa. Ɗalibin da ke buga kundin digirinsa kan ɗauka cuta ce ta shige ta, ya kai wa mai gyara, a goge kome a sake ɗora Windows, ya biya kuɗi, bayan kwana biyu barcin ya dawo. Wannan gaggawar asara ce, domin sau da yawa kwamfutar lafiyarta lau, umurni kawai take bi.

Da farko dai, ya kamata a san cewa wayoyi biyu ne ke haɗa akwatin da kwamfuta. Ta ɗaya ita ce mai kai wuta, ta biyu kuwa, wato wayar USB, labari take kaiwa. Tun a shekarar 1997 aka fitar da ƙa'idar da irin waɗannan akwatuna ke bi su sanar da kwamfuta halin da suke ciki ta wannan waya. Da zarar an jona ta, sai Windows ta ɗauki akwatin a matsayin batir, ta shiga bi da kwamfutar tebur kamar yadda take bi da ta tafi-da-gidanka. Daga nan tsarin wutarta ya rabu biyu: na lokacin da ake kan wutar gari, da na lokacin da ake kan batir. Na biyun nan shi ne mai saurin kwantar da ita, kuma shi ne wanda mai kwamfutar tebur bai taɓa tunanin dubawa ba.

Abu na biyu, akwatin ba ya jiran sai an ɗauke wuta ƙaf kafin ya koma kan batir. Ƙarfin wutar da aka tsara a Nijeriya bolt 230 ne, amma kowa ya san yadda takan yi ƙasa da maraice, da yadda ta janareta kan yi rawa. In ta sauka ƙasa da iyakar da aka yanka wa akwatin, sai ya koma batir ko da fitilun ɗaki na ci. Haka nan wasu akwatunan, kamar na kamfanin APC da yawa, sukan gwada batirinsu da kansu duk bayan kwana 14. Duk lokacin da ɗayan waɗannan ya auku, labari kan isa ga kwamfuta cewa an koma batir.

Abu na uku shi ne tsufan batirin. Mafi yawan ƙananan akwatuna batirin darma mai bolt 12 ne a cikinsu, wanda kan yi shekara 3 zuwa 5 a ɗaki mai zafin digiri 25. Masana sun tabbatar cewa ƙarin zafi na kimanin digiri 10 kan raba wannan rayuwa biyu. To, ina ga Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40? Tsohon batir kan nuna ya cika maƙil, amma da an ɗora masa nauyi sai ya zube cikin daƙiƙoƙi. A tsarin da Windows ke zuwa da shi, in batir ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 takan yi gargaɗi, in ya kai kashi 5 kuwa takan ajiye aiki ta kwanta. Ke nan ƙiftawar wuta guda ɗaya ta isa ta sa ta barci.

Tun da haka ne, bincike ya kamata ya riga magani. Windows na da littafin da take rubuta duk abin da ya same ta, wanda ake kira Event Viewer. A ƙarƙashin Kernel-Power, lamba 42 na nuna lokacin da ta shiga barci da dalilinsa, lamba 105 kuma na nuna sauyin inda take samun wuta. In aka ga 105 ta gabaci 42 da ɗan lokaci kaɗan, to an kama bakin zaren. Domin ƙarin tabbaci, sai a zare wayar USB na yini guda. In barcin ya daina, magana ta ƙare. Bayan haka sai a gyara tsarin lokacin batir, a duba kada manhajar kamfanin akwatin ta ba da umurnin da ya saɓa wa na Windows, a kuma sauya batir in ya gaji.

Wasu kan ce, ai tun da zare waya ta yi magani, sai a bar ta a zare, kowa ya huta. A zahiri wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ba ta cin ko kwabo. Sai dai tamkar mai gida ne ya ɗaure bakin karensa domin haushinsa na hana shi barci. Kwamfutar da ba ta jin labarin akwatin za ta ci gaba da aiki har batir ya ƙare, sannan ta mutu farat ɗaya, abin da ke iya lalata aikin da ke buɗe, har da wanda aka riga aka adana. Haka kuma barci mai sauƙi ba mafaka ba ne, domin yana buƙatar wuta kafin ya riƙe aikin da ke ƙwaƙwalwarta. Abin da ya dace shi ne a umurce ta da barci mai nauyi, wanda ke kwashe kome zuwa ma'ajiyarta, ko kuma ta rufe kanta bisa tsari in batir ya yi ƙasa.

Daga ƙarshe, akwai jan hankali ga sassan jami'o'i da ofisoshin da ke sayen waɗannan akwatuna su tura ƙarƙashin tebur, su manta da su har ƙura ta rufe. Ya kamata a rubuta ranar da aka sa batir a jikin kowane akwati, a ajiye shi inda iska ke kaɗawa, a kuma ware kuɗin sauya shi tun kafin ya gaza. Kuɗin batir guda bai kai darajar babi ɗaya na kundin ɗalibi ba, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.