BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikatan hukuma, akwai wani abin kunya da muka daɗe muna gani muna kau da kai. A ƙasar nan babu sana'ar da ake damƙa wa sabon shiga ɗungurungum tun ranar farko sai koyarwa. Likita in ya gama karatu, sai ya yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci kafin a sakar masa mara. Yaron maƙeri yakan daɗe yana zuga kafin a ba shi masaba. Ko a tsangaya, gardi ba ya biya wa ƙolo allo sai a gaban idon malam. Amma sabon malamin makaranta, takardar kama aiki kawai ake miƙa masa da guntun alli, a nuna masa ajin da ya cika maƙil, a juya masa baya. In ya iya, sa'arsa; in ya kasa, a kira shi jahili a gidan rediyo.

Wannan ciwo tsoho ne. A 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, watau UPE, yara suka yi ambaliya cikin makarantu, aka rasa masu koyar da su. Sai aka shiga ƙyanƙyasar malamai da kwasa-kwasan gaggawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta riƙa cike giɓin. A 1993 aka yi dokar hukumar yi wa malamai rajista. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, aka ba shi doka a 2004. An ɗaga matakin shiga aikin daga Grade II zuwa NCE. Hukumomi sun yawaita, takardun shaida sun ƙaru, amma sabon malami a ƙauye har yanzu shi kaɗai yake cikin aji, daga shi sai halinsa.

Sakamakon wannan sakaci kowa ya gan shi a Jihar Kaduna a 2017, sa'ad da aka yi wa malaman firamare jarrabawa ta matakin aji huɗu, fiye da 21,000 suka faɗi, aka sallame su. Ba mu goyon bayan a bar wanda bai iya karatu ba ya koyar da 'ya'yan talakawa. Amma muna tambaya: wa ya ɗauke su aiki? Wa ya taɓa zama a bayan ajinsu ya saurara? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jarrabawa ma'auni ce, kuma yawan awo ba ya ƙara wa hatsi auki.

Za a ce mana ai ana shirya bita. Mun san irin wannan bita. Kwana biyu ko uku a otal, a sha shayi, a raba jaka da alawus, wani masani ya karanta takarda da Turanci, a tafa, a watse. Sau da yawa sunayen na-hannun-dama ke cika takardar, wanda ya fi kowa bukata kuwa bai ma ji labari ba. Abin da ke hana sabon malami barci shi ne yadda zai tsara darasin gobe, yadda zai tsawata wa aji ba da bulala ba, da yadda zai gane yaron da ke maimaita karatu da ka alhali bai san baƙi ko ɗaya ba. Waɗannan a cikin aji ake koyonsu, kusa da wanda ya riga ka.

Saboda haka muke neman abu huɗu. Na farko, kowane sabon malami a haɗa shi da ƙwararren malami a makarantarsa har tsawon shekara guda, da sunansa a rubuce cikin takardar kama aiki. Na biyu, a rage masa darussa a wannan shekara, ya sami sukunin kallon na gaba da shi suna koyarwa. Na uku, kowane mako a shiga ajinsa a saurara, a zauna da shi a yi gyara cikin mutunci, kada abin ya zama farautar laifi irin ta wasu sufetoci. Na huɗu, kada a tabbatar da kowa a aiki sai ya bi wannan hanya. Japan tana yin horon shekarar farko tun 1989, Ingila kuwa ta mai da nata shekara biyu a 2021.

Masu cewa babu kuɗi su ji tsoron Allah. Dokar 2004 ta keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilmin matakin farko, kuma an sha ganin jihohi sun bar rabonsu a kwance don sun ƙi kawo nasu kason. Masu horarwar ma suna nan: dokar 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. To, wace riba aka ci da tsawaita zaman dattijo in ba a ba shi yaron da zai gada ba?

Maganar nan tamu ce. Da yawanmu aji za a tura mu a shekarar bautar ƙasa, wasunmu kuma su ke rubuta takardun da kwamishinoni ke sa wa hannu. Ƙungiyar ɗalibai ta kai wannan bukata gaban tsangayoyin ilmi da hukumomin ilmi na jihohi. Kai kuma ƙaramin ma'aikaci, in an ce ka tsara kasafin bita, ka tambayi nawa zai isa cikin aji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa masu kunne su ji.