Ra'ayinmu: Binciken Makamashi Ya Fara Daga Kakuri

Batun da muka zaɓa mu tattauna a wannan fitowa shi ne makamashi, watau wutar lantarki da man fetur da iskar gas da itace da gawayi, da dukkan abin da ɗan Adam ke dogara da shi don ya dafa abinci, ko ya haskaka ɗaki, ko ya juya inji. A 'yan shekarun nan masana sun duƙufa ƙwarai a kan abin da ake kira sauyin makamashi, watau yadda duniya za ta rage dogaro da mai da kwal, ta koma ga hasken rana da iska da ruwa. Mu kuwa da muke karatu a Kaduna ba mu da hujjar zama 'yan kallo, domin duk wanda ya haye gada ya nufi kudancin kogi zai tarar da darasin a shimfiɗe gabansa, tun daga Kakuri da Makera har zuwa Kudenda da hanyar Kaciya.

Bari mu waiwayi baya kaɗan, tun da an ce waiwaye adon tafiya. A 1957, zamanin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Ba a cika shekaru goma ba sai ga Nortex da UNTL da Arewa sun biyo baya. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON, a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci, sa'an nan a 1980 aka buɗe matatar mai a kan hanyar Kaciya, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, aka kuma faɗaɗa ta daga baya har ta kai ƙarfin tace ganga 110,000 a kowace rana. Dubban ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suka yi sansani a waɗannan unguwanni, auduga na zuwa daga Funtuwa da Gusau, atamfa na fita zuwa Kantin Kwari da ƙasashen maƙwabta.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. KTL ta rufe a 2002, Arewa ta bi sahu, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma ko da aka sake buɗe ta a 2010 ba ta koma yadda take a da ba. Dalilan suna da yawa: akwai fasa-ƙwaurin yadi mai araha daga Asiya, akwai tsufan injuna, akwai sakacin masu gudanarwa. Amma duk wanda ya bincika zai ga makamashi na tsakiyar al'amarin. Masaƙa na buƙatar wutar da ba ta yankewa don juya injunan kaɗi da saƙa, tana kuma buƙatar baƙin mai don hura tukwanen tururi na rini da bugun zane. Da wutar NEPA ta zama sai an ga dama, matata kuma ta daina samar da baƙin mai yadda ya kamata, sai kowace masaƙa ta koma dogaro da janareta da dizal, kuɗin yadi guda ya haura na baƙon yadi, kasuwa ta kuɓuce. Masana ba su yi shiru ba. Gunilla Andrae da Björn Beckman sun yi nazari mai zurfi a kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, Salihu Maiwada da Elisha Renne kuma sun rubuta tarihin tashin masaƙun Kaduna da faɗuwarsu, har Renne ta bi diddigin ma'aikatan KTL da suka rasu ba a biya su haƙƙinsu ba, da halin da matansu suka shiga. Ashe ke nan Kakuri ta riga ta ga sauyin makamashi iri guda, na daga samu zuwa rashi, kuma talaka ne ya biya kuɗinsa.

An yi yunƙurin gyara, ba mu musa ba. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar tashar lantarki mai megawat 215 a Kudenda, musamman don farfaɗo da masana'antun wannan yanki, aka shafe fiye da shekaru goma ba ta ba gari wutar da aka yi alkawari ba, ana ta jayayya a kan man da za ta ƙona. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. A 2023 kamfanin NNPC ya sa hannu da kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu a kan gyaran matata da kuɗi kimanin dala miliyan 740. Daɗin daɗawa, kogin nan namu shi ne ke juya injunan madatsar Shiroro mai megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990, da ta Zungeru mai megawat 700. Duk da haka, a watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, wani layin kuma ya sami matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. Masu niƙa da masu walda da masu ƙanƙara suka naɗe hannu, asibitoci suka koma kan janareta. Rashin tsari ya jawo wannan, domin yankin da ke da miliyoyin mutane bai kamata ya rataya a kan igiya ɗaya ko biyu ba.

A ɗaya gefen kuma ga alkawuran da shugabanni suka ɗauka. A taron sauyin yanayi na Glasgow, a watan Nuwamba na 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take iya shanyewa. A watan Agusta na 2022 aka ƙaddamar da Shirin Sauyin Makamashi na ƙasa, wanda ya shafi fannoni biyar: lantarki, da girki, da sufuri, da masana'antu, da mai da gas, aka kuma ƙiyasta zai ci ƙarin dala biliyan 410. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki wadda ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Duk wannan a ƙasar da Bankin Duniya ya ce a 2021 mutane miliyan 85 ba su da wutar lantarki. Tambayar da muke yi ita ce, wa zai yi lissafin da waɗannan shirye-shirye ke buƙata, in ba jami'o'inmu ba?

Ba a rasa cibiyoyi ba. Tun 1979 aka yi dokar kafa Hukumar Makamashi ta Nijeriya. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi, inda aka kunna ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike ta farko a ƙasar nan a 2004. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda tun shekarun 1980 take gwada murhu mai tsimin itace, da na'urar busar da amfanin gona da zafin rana, da gas na kashin dabbobi, har ta sa wa ƙauyen Kwalkwalawa wutar hasken rana tun kafin abin ya zama ruwan dare. A 2019 aka buɗe tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero ta Kano. Ilmi dai akwai shi, masu ilmin ma akwai su.

To, ina gizo ke saƙar? A ganinmu, tsakanin ɗakin gwaji da bakin titi yake. Kowace shekara ɗalibai ɗaruruwa a jami'o'i da kwalejojin fasaha na ƙasar nan suna rubuta kundi a kan makamashi, a ɗaure shi da bango mai kauri, a ba da maki, a jera a kanta, ƙura ta rufe. Malami na rubuta takarda don mujallar ƙetare saboda da ita ake ƙarin girma, alhali kuwa mai walda na Makera bai taɓa jin labarinta ba, ballantana ya amfana. Sau da yawa kuma alƙaluman da ake aiki da su an auno su ne a ƙasashen da yanayinsu ba irin namu ba ne, domin samun bayanan gida daga ma'aikatu da kamfanoni ya fi haƙar rijiya wuya. Wanda ya dogara da ma'aunin wani kuwa, dole ɗinkinsa ya zo da tangarɗa.

Ga wasu tambayoyi da muke ganin sun cancanci kundi, kuma amsarsu tana nan kudancin kogi. Ta farko, ta shafi farantin sola. Farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, shi ya sa ya cika rufin gidaje a Barnawa da Narayi. Amma an san cewa in zafinsa ya haura digiri 25, kowane ƙarin digiri ɗaya na rage masa ƙarfi da kimanin kashi 4 cikin 1,000, ƙurar hunturu kuma tana tare masa haske. To, nawa ake asara a Kaduna a watan Janairu, nawa a watan Afrilu, kuma sau nawa ya kamata a goge shi a mako? Wannan aiki ne da ɗalibin injiniya zai iya yi da faranti biyu da ma'auni da littafin rubutu.

Ta biyu, batir. Mafi yawan waɗanda talaka ke iya saye masu darma ne, ba sa daɗewa cikin zafi, kuma in sun mutu ana fasa su a bayan gari ba tare da kariya ba. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar darma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010. Ina matattun batura na wannan gari ke zuwa? Ɗaliban kimiyyar sinadarai da na likitanci su ba mu amsa.

Ta uku, murhu. Masu tsara manufofi sun fi son zancen megawat, amma makamashin da mafi yawan gidajenmu ke amfani da shi kullum shi ne itace da gawayi. Buhunan gawayin da ke jere a bakin hanyar Kaciya da ta Abuja dazuzzukanmu ne aka ƙone, hayaƙin kuma iyayenmu mata da ƙannenmu ke shaƙa. Tun da aka janye tallafi kuɗin sufuri ya tashi, gas ɗin girki ma ya yi tsada, gidaje da yawa sun koma wa gawayi. Murhu mai tsimi an daɗe da ƙera shi, me ya hana shi shiga kowane madafi? Tsada ce, ko bai dace da tukunyar tuwo ba? Sai an shiga gida an tambayi mai girkin za a sani, kuma 'yan'uwanmu ɗalibai mata sun fi kowa damar yin wannan.

Ta huɗu, adalci. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane kilowat na awa guda, fiye da ninki uku. Mai hali ya sayi faranti da batir ya huta, ya bar marar hali da duhu da takardar biya. In aka ci gaba a haka, sauyin makamashi zai zama wata sabuwar katanga tsakanin mai shi da marar shi. Wannan fage ne na ɗaliban tattalin arziki da shari'a da nazarin zaman jama'a.

Mun san akwai masu cewa zancen barin mai zancen Turawa ne, su da suka ƙona kwal shekaru ɗari biyu suka yi arziki, yanzu suke hana mu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin kason Afirka cikin hayaƙin da ke ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 ba, kuma farantin sola shi kaɗai ba zai hura tukunyar tururin masaƙa da tsakar dare ba. Shi ya sa muke goyon bayan gas ya iso Kakuri, a yi amfani da shi a matsayin gada. Amma kada mu ruɗi kanmu. Hamada na matsowa daga Arewa, damina ta rikice wa manomi, masu sayen manmu kuma suna neman abin da zai maye gurbinsa, ko mun so ko mun ƙi. Har ila yau, fiye da kashi 80 cikin 100 na aikin ƙera farantan sola na duniya a ƙasar Sin ake yi. In muka bar shigo da fetur muka koma shigo da faranti da batir, ba mu koyi ƙera ko gyara kome ba, to an gudu ne ba a tsira ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin jami'o'i da shugabannin sassa da su riƙa ba ɗaliban ajin ƙarshe batutuwa daga matsalolin unguwannin da ke kewaye da su, su kuma sa amfanin bincike ga jama'a cikin ma'aunin ƙarin girma. Muna kira ga asusun TETFund da ya ware wani kaso don ƙananan ayyukan ɗalibai, ko da kuɗin ma'auni da na mota ne. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna, tun da doka ta ba ta iko, da ta nemi shawarar masanan gida kafin ta ɗauko na waje, ga kamfanonin wuta kuma da su buɗe littattafansu ga masu bincike. Muna kuma roƙon malamanmu, duk wanda ya gama bincike ya taƙaita shi cikin shafi biyu da Hausa da sauran harsunan jihar nan, a karanta a rediyo.

Mu ma ɗalibai akwai namu nauyin, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu daina kwafar tsofaffin kundaye muna canza suna da shekara. Mu fita mu auna, mu ƙirga, mu tambaya. Daga fitowa ta gaba wannan mujalla za ta keɓe shafi guda don taƙaitaccen binciken ɗalibi a kan makamashi, da sharaɗin cewa da ƙafarsa ya je ya samo alƙalumansa. Da yawa cikinmu 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka yi aiki a masaƙun Kakuri, da albashinsu aka sa iyayenmu a makaranta. Sauyin farko ya zo musu ba shiri, ba wanda ya yi musu lissafi. Na biyu yana tafe, mu ne kuma muke riƙe da alƙalami. Muna jiran kundinku a ofishin ƙungiya.

Kwamitin Edita